Karta da Bugun Ƙasa: Magana ga Ɗalibi Mai Jiran Tallafin Karatu

Ya ɗan'uwa, kai da ka ba da gaskiya ga Yesu Kristi ba da daɗewa ba, da kai kuma da kake cikin bincike tukuna, wannan takarda dominka ce, in kana cikin samari da 'yammatan ƙasar Buji waɗanda suka gama sakandare, suka miƙa takardunsu, suna jiran su ji ko za a ɗauki nauyin karatunsu. Jiran nan da ɗaci yake. Ubanka manomi ne, geronsa da riɗinsa ba su isa su biya kuɗin jami'a ba, ko da shi ke jami'a ta matso kusa, gama tun 2011 akwai ta Gwamnatin Tarayya a Dutse. In Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Jigawa ta sa sunanka, ka tafi. In ba ta sa ba, watakila ka koma gona. A cikin irin wannan jira ne wani aboki ya kan zo ya ce, "Zo a duba maka." Dā wurin mai bugun ƙasa a kan tafi, ko wurin boka. Yanzu kuwa duba ya shigo cikin waya, ana jera wa mutum waɗansu karta masu hotuna da ake kira tarot, ana karɓar kuɗinsa.

Bari mu fara gaya maka asalin kartan nan, gama rashin sanin asalin abu shi ke ƙara masa kwarjini. A ƙasar Italiya aka fara yin su, wajen shekaru ɗari shida da suka wuce, domin wasa kaɗai, kamar yadda samari ke buga karta a gindin bishiya. Guda 78 ne: 22 masu manyan hotuna, kamar su Rana da Wata da Mutuwa, sauran 56 kuwa an raba su gida huɗu. Fiye da shekara ɗari uku ana wasa da su a fadodi da gidajen baƙi. Sai a 1781 wani Bafaranshe mai suna Court de Gébelin ya rubuta cewa wai asirin Masar ta dā yana ɓoye a cikinsu, alhali kuwa a zamaninsa ba wanda ya iya karanta rubutun Masarawan dā. Daga nan masu neman abinci suka kama sana'ar. Irin wadda ka fi gani a waya, a Landan aka buga ta a 1909. Takarda ce da tawada, aikin hannun mai zane.

Bugun ƙasa ya fi su tsufa a wurinmu, daga Larabawa ya zo. Mai duba ya kan shimfiɗa rairayi, ya ɗiɗɗiga shi da yatsa layi layi ba tare da ƙirge ba, kana ya share ɗigon bibbiyu, ya ga ko ɗaya ya saura ko biyu. Layi huɗu su ke ba da siffa guda, siffofin kuwa 16 ne, an laƙaba musu sunayen annabawa domin su yi nauyi a kunne. To, ka lura: ko karta, ko rairayi, ko wuri, aikin ɗaya ne. Hannu ya watsa, abin da ya faɗo ya faɗo, sa'an nan baki ya ɗora masa fassara. In kana so ka gwada, a sake cuɗa kartan a yi tambayar nan ɗaya sau uku, za ka sami amsa uku. Takardar sakamakon jarrabawarka kuwa, ko sau ɗari ka buɗe ta, abin da ke ciki ba ya sakewa.

Su wa ke yanka maganar tallafi? Mutane ne a ofis, da takardu a gabansu. Su kan dubi sakamakonka na WAEC ko NECO, da makin JAMB, da takardar shaidar cewa an ba ka gurbi, da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma wadda a kan karɓo a Gantsa. Wani lokaci su kan kira ka su yi maka tambayoyi, balle in karatun likita ne a ƙasar waje. Mai jera karta bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, bai san yawan waɗanda suka nema ba, bai san kuɗin da aka ware ba. Abin da ya sani shi ne fuskarka da muryarka, ya kuwa ga kana jin tsoro.

Za ka ce, "In wasa ne kawai, ina laifinsa?" Laifinsa a zuciya yake. In karta ta ce za ka samu, sai hannunka ya yi sanyi, ka bar bibiyar takardunka, ranar rufewa ta wuce kana zaune kana jiran alkawarin tawada. In ta ce ba za ka samu ba, sai ka karai, ka shiga ɗakin tambayoyi kamar wanda aka riga aka kayar. Mafi muni, mai duba ba ya sallamar mutum da mugun labari kawai. Sai ya ce akwai mai tare maka hanya, wata kishiyar uwa ce, ko ɗan baffanka da kuka nema tare, amma in ka kawo zakara da kuɗi kaza za a warware. Ka shiga da tambaya guda, ka fito da gaba tsakaninka da danginka, da bashi a wuyanka. Gidaje da yawa sun rabu a kan maganar da ta fito daga faifan rairayi.

Saboda haka Littafi Mai Tsarki bai ɗauki duba abin wasa ba. A cikin Kubawar Shari'a sura 18 Allah ya hana jama'arsa duba da sihiri da neman shawarar matattu, ya lissafta su tare da ƙona 'ya'ya ga gumaka. Dalilin kuwa shi ne, wanda ya tafi wurin mai duba ya ɗauke dogararsa daga Uba ya kai ta wani wuri. Sarki Shawulu ya kori masu duba daga ƙasarsa, amma sa'ad da tsoro ya kama shi, ya sake tufafi ya tafi da dare wurin wata mace a Endor. Bai komo da komai ba sai ƙarin firgita. A Filibi Bulus ya tarar da wata kuyanga wadda iyayengijinta ke samun riba mai yawa da dubanta, da ya 'yantar da ita kuwa, asarar kuɗin ce ta tayar musu da hankali, har suka sa aka jefa shi kurkuku. Maƙwabtanmu Musulmi ma, malamansu da yawa suna hana zuwa wurin boka da mai duba, don haka kada wani ya ce maka wannan tsananin Kirista ne kaɗai.

Amma labarin da ya fi dacewa da kai shi ne na Daniyel. Ka karanta sura ta fari da ta biyu na littafinsa. Sarkin Babila ya zaɓi samari masu hazaƙa daga cikin kamammu, ya ɗauki nauyin cinsu da shansu shekara uku, domin su koyi harshe da littattafan ƙasar, bayan haka shi da kansa ya jarraba su. Me ke nan in ba tallafin karatu ba? Babila kuwa cike take da masu duban taurari, suna nan a bakin fada. Daniyel da abokansa uku ba su je wurinsu ba. Suka tsare kansu daga abin da zai ƙazantar da su, suka yi karatu, ran jarrabawa aka same su sun fi masu sihirin nan har riɓi goma. Daga baya sarki ya yi mafarki, ya ce wa masu duba su fara faɗa masa mafarkin kafin fassararsa. Nan asirinsu ya tonu, gama sun saba a ba su bakin zare su ƙarasa. Da bakinsu suka ce ba mahalukin da zai iya. Daniyel ya koma gida, ya tara abokansa, suka roƙi jinƙan Allah, aka kuwa bayyana masa.

Akwai wani tarko da sababbin masu bi su kan faɗa a ciki. Mutum ya bar karta, amma ya rufe ido ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ɗora yatsa a kan aya, ya ce wannan ce amsar tallafinsa. Wannan bugun ƙasa ne da sabuwar riga. Gaskiya ne manzanni sun jefa ƙuri'a sa'ad da suka zaɓi Matiyas, amma wannan kafin saukowar Ruhu Mai Tsarki ne, ba mu kuma ƙara ganin sun yi haka ba a cikin Ayyukan Manzanni. An ba mu Littafin domin mu karanta shi a jere, mu san halin Allah. Addu'a ma ba hanyar leƙen gobe ba ce. Ka gaya wa Ubanka abin da kake so a fili, ka ce kana son gurbin nan, kana jin tsoro, ka kuma roƙi ƙarfin karɓar amsarsa.

Abu mafi wuya shi ne in ba kai ka je ba, mahaifiyarka ce ta je dominka, ko kakarka, ta sayar da 'yar akuyarta, ta komo da laya ko rubutu ta ce ka ɗaura ran tafiya Dutse. Ƙauna ce ta kai ta, kada ka manta. Kada ka yi mata tsawa, kada ka jefar da abin a gabanta, ka kunyata ta a idon kishiyoyi. Ka durƙusa ka ce, "Inna, na gode da wahalarki, amma na riga na ba da kaina ga Yesu, ba ni iya ɗaura wannan. Ki sa mini albarka da bakinki, ita nake bukata." Watakila za ta yi fushi kwana biyu. In kuwa kartan a wayarka suke, ka share su, kamar yadda masu bi na Afisa suka ƙone littattafan sihirinsu da aka yi wa kuɗi azurfa dubu hamsin; ka gaya wa wani dattijon ikilisiya, domin kada ka koma a ɓoye.

Sa'an nan ka ɗauki takardunka ka kai wa malamin makaranta ya duba, ko sunanka ya zo daidai a kowace, gama harafi guda da ya saɓa ya kan jawo wa ɗalibi jinkiri mai tsawo. Ka rubuta ranar rufewa a bangon ɗakinka. In jerin sunaye ya fito ba naka, ka tambayi ranar da za a sake buɗewa, ka nemi gurbi a kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha, ka kuma sanar da ikilisiya, gama akwai 'yan'uwa da za su iya haɗa maka kuɗin rajista in kaka ta yi.