Haƙƙin Mai Saye Idan Motar Hannu Ta Fito Da Aibi

Mafi yawan motocin da ke sauya hannu a Nijeriya tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, waɗanda ake kira tokumbo a Legas, 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano a Arewa. Ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a irin wannan mota domin haya ko jigilar kaya, sa'an nan injin ya buga cikin mako biyu, yakan ɗauka cewa ciniki ya riga ya faɗa, sai haƙuri. A shari'ance ba haka abin yake ba.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta tanadi cewa wajibi ne kayan da aka sayar su kasance masu inganci, masu aiki, kuma sun dace da abin da aka saba sayensu dominsa. Sashe na 132 ya bai wa mai saye wata uku daga ranar da ya karɓi kaya ya mayar da su idan sun gaza, ba tare da an ci shi tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar tana wuyan mai sayarwa, wanda zai gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Saboda haka rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a dawo da su, ba ya soke abin da doka ta bayar.

Sai dai tsohuwar mota ba sabuwa ba ce, kuma alƙali zai duba shekarunta da kuɗin da aka biya. Taya da ta suɗe, ko batir da ya yi sanyi, ba su isa hujja ba. Tsohuwar dokar ciniki ta Ingila ta 1893, wadda Nijeriya ta gada kuma dokokin jihohi da dama suka bi sawunta, ta ce wanda ya duba kaya ba shi da ƙorafi kan aibin da ya kamata dubawar ta nuna masa. Abin da ke da nauyi shi ne ɓoyayyen aibi da ƙarya: motar da ambaliya ta shanye aka wanke ta, ko wadda ta yi mummunan haɗari aka buge bodinta aka yi mata fenti, ko wadda aka mayar da mitar tafiyarta baya.

A nan ne kwanakin farko suke yanke hukunci. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar kai mota gareji a sauke injin. Da zarar wani makaniki ya kwance giyabos, mai sayarwa ya samu mafita, domin zai ce hannun makanikin ne ya ɓata. Abin da ya dace shi ne a ajiye motar, a sa ƙwararre ya auna ta ya rubuta abin da ya gani ba tare da ya kwance komai ba, a kuma binciki lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Idan motar daga Amurka ta fito, kamfanoni irin su Carfax suna adana tarihin haɗari da nisan tafiyarta. Daga nan sai a rubuta wa mai sayarwa takarda mai kwanan wata, a bayyana aibin, a faɗi abin da ake nema, a ɗibar masa wa'adi. Wanda ya ci gaba da lodi da motar wata da watanni, doka na iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya amince da ita.

Akwai kuma tambayar da ake mantawa da ita ranar murna: wa ya sayar? A kasuwanni irin su Berger da ke Legas, sau da yawa wanda ya yi ta zuba zance dillali ne, la'adarsa kawai ya karɓa, mai motar yana wani wuri. Sunan da ke kan rasit da asusun da kuɗin ya shiga su ne za su nuna wanda za a kama. Alkawarin baki cewa mota lafiya lau take yana da wuyar tabbatarwa, sai fa in da shaidu ko saƙon waya.

Idan sulhu ya gagara, ana fara kai magana ga shugabannin ƙungiyar dillalan kasuwar, waɗanda sukan fi ofis sauri. Bayan su akwai hukumar FCCPC, wadda ta gaji majalisar kare masu saye da aka kafa da doka ta 66 ta 1992, kuma tana karɓar ƙorafi a rubuce. Ƙofar kotu ma a buɗe take. Legas ta kafa kotunan ƙananan da'awa a 2018 domin rage jan lokaci. Kai ƙarar ciniki ofishin 'yan sanda kuwa ba kasafai yake dawo da kuɗi ba, sai in akwai zamba, ko motar sata ce, ko takardun kwastan na jabu ne. Wannan na ƙarshe ya fi lalacewar injin muni, domin tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, motar da ba a biya mata fito ba kwastan na iya ƙwace ta a hannun duk wanda ke tuƙa ta.