Naira ko sefa: yadda ake auna bankunan Najeriya da na Nijar

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Katsina. Ina sayo wake da dabbobi daga Maraɗi, ina kai musu kayan masarufi. Abokan harkata na can suna cewa in mayar da jarina sefa in ajiye a bankinsu, domin naira ta zama takarda. Na nan gida kuma suna cewa banki ɗaya na Legas ya fi bankunan Nijar gaba ɗaya. Wa ya fi gaskiya, kuma da me ake gane harkar kuɗin wace ƙasa ta fi ƙarfi?

Amsa: Alhaji, dukansu sun faɗi gaskiya, sai dai kowa ya ɗauko ma'aunin da zai ba shi nasara ne ya ɓoye sauran. Darajar kuɗi daban, lafiyar banki daban, sauƙin samun kuɗinka ranar da kake bukata shi ma daban. Ƙasa tana iya yin zarra a ɗaya ta sha ƙasa a sauran biyun.

Maganar girma ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Haka ne, dukiyar da ke hannun babban bankin kasuwanci guda na Najeriya ta ninka ta dukkan bankunan Nijar idan aka haɗa su. To amma mutanen Najeriya sun haura miliyan 200, na Nijar kuwa ba su kai miliyan 30 ba, don haka wannan ba abin mamaki ba ne. Masana ba sa kwatanta girma tsagwaronsa. Suna ɗauko bashin da bankuna suka ba 'yan kasuwa da masana'antu da ɗaiɗaikun mutane, su auna shi da jimillar abin da ƙasa ke samarwa a shekara, wato GDP. Idan aka yi wannan lissafi sai tazarar ta kusan ɓacewa. A alƙaluman Bankin Duniya na tsakanin 2015 da 2022, babu ƙasar da ta kai kashi 20 cikin 100 a cikin biyun, alhali ƙasashe irin su Maroko da Afirka ta Kudu sun ninka haka sau da yawa. Ma'ana, a Kano ko a Damagaram, ƙaramin ɗan kasuwa da ya je banki neman jari yawanci hannu rabbana yake dawowa. Bankunan ƙasashen biyu sun fi son ba gwamnati rance, domin can ne riba take ba tare da ciwon kai ba.

Ma'aunin da ya fi shafarka, kuma wanda aka fi ruɗuwa a kansa, shi ne abin da ke saura a hannun mai ajiya bayan an cire hauhawar farashi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5. Ƙa'ida ta ce asusun ajiya ya samu aƙalla kashi 30 cikin 100 na wannan adadi, wato kashi 8.25. A ƙasashen sefa kuwa, abin da aka ƙayyade wa asusun ajiya kashi 3.5 ne. Mai kallon sama-sama zai ce ai Najeriya ta fi biya. Sai dai a Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8. Mu ɗauka ka ajiye naira miliyan ɗaya a watan Janairu, kuma an biya ka kashi 8.25 ɗin cif tun farkon shekara. A Disamba kana da naira 1,082,500, amma kayan da miliyan ɗaya ke saye a Janairu sun koma naira 1,348,000. Kuɗinka ya ƙaru a takarda, a kasuwa kuwa kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa ya tafi. A Nijar, shekarar 2024 ta zo da tsadar da ba a saba gani ba, wajen kashi 9, saboda rufe iyakoki da ƙarancin abinci. Mai sefa miliyan ɗaya a banki shi ma ya yi asara, amma tasa ba ta wuce kashi 5 zuwa 6 ba. Idan kai ba ka karɓar kuɗin ruwa saboda addini, lissafin ya fi sauƙi: hauhawar farashin gaba ɗayanta ita ce asararka, sai fa abin da ka samu na rabon riba a bankin Musulunci irin Jaiz ko TAJ a nan, ko Banque Islamique du Niger a can.

Daga ina sefa ta samo wannan natsuwa? A nan ne abokanka na Maraɗi ba su ƙarasa maka labari ba. Nijar ba ta da babban banki nata na kanta. Tana tarayya ne da ƙasashe bakwai a ƙungiyar UEMOA, babban bankinsu BCEAO yana Dakar, hukumar da ke sa ido kan bankuna tana Abijan, kuma tun 1999 an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957. Gwamnatin Yamai ba ta da ikon buga kuɗi don ta cike giɓin kasafinta, kuma wannan ne ya sa farashi ba ya tashin gwauron zabi irin na Najeriya. Ita kuwa naira, da aka sake ta ta nemo farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 kan dalar Amurka ɗaya ta haura 1,500 a farkon 2024. Kai kanka shaida ne a wurin 'yan canji na Jibiya: jakar sefa da ake bayarwa a wajen naira 1,200 a farkon 2023 ta wuce naira 2,000 a 2024. Wanda ya ci bashin wake da sefa, yana jiran ya sayar da naira ya biya, ya ji a jikinsa.

Amma natsuwar da aka aro, mai ita yana iya riƙe ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS da UEMOA suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka daskarar da kuɗin gwamnati da ke babban banki, aka toshe hanyar da bankuna ke samun takardun kuɗi. Bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai iya cira, layi ya yi tsawo a ƙofofinsu, gwamnati ta kasa biyan basussukan da ta ci a kasuwar yankin, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage takunkumin. Sefa ba ta faɗi ba a duk tsawon lokacin. Kuɗinka na nan da darajarsa, sai dai ba ka isa ka taɓa shi ba. Kada kuma na Legas su yi dariya, domin a farkon 2023 canjin takardun naira ya sa mutane kwana a bakin na'urar cire kuɗi, ana sayen naira da naira a hannun masu POS. Babu wani jadawalin Bankin Duniya da ya hango ko ɗaya daga cikin biyun. Akwai kuma tarihin da matasa ba su sani ba: a Janairun 1994 aka wayi gari an rage darajar sefa da rabi. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 amma tana cikin UEMOA, kuma shugabanninta sun sha taɓo maganar kuɗi na kansu tare da Mali da Burkina Faso. Ban ce za a yi gobe ba. Na ce ne duk wanda zai zuba jarinsa kacokan a sefa ya san cewa ƙarfinta ya rataya ne a kan shawarar siyasa.

Lafiyar bankunan kansu ana duba ta ne ta hanyoyi biyu: yawan jarin da masu banki suka zuba idan aka kwatanta da rancen da suka bayar, da kuma kason bashin da ya maƙale ba a biya ba. Najeriya ta sha gyara a wannan fanni, kuma kowane gyara da zafinsa ya zo. A 2004 gwamnan Babban Bankin Najeriya Charles Soludo ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25. A 2009 magajinsa Sanusi Lamido Sanusi ya tuɓe shugabannin wasu bankuna, aka zuba naira biliyan 620 don ceto su, sannan aka kafa AMCON a 2010 ta saye ruɓaɓɓun basussuka. A Maris ɗin 2024 aka sake ɗaga jarin zuwa biliyan 500 ga bankin da ke hulɗa da ƙasashen waje da biliyan 200 ga na cikin gida. UEMOA ita ma ta ninka nata daga sefa biliyan 10 zuwa biliyan 20 daga farkon 2024. Ta fuskar bashin da ya maƙale, iyakar da babban bankin Najeriya ke so kashi 5 ce, kuma bankunan sun daɗe suna kai-komo a kusa da ita. Na Nijar suna cikin waɗanda suka fi ɗaukar wannan nauyi a duk ƙungiyarsu, takunkumin kuma ya ƙara dagula lamarin, domin ɗan kwangilar da gwamnati ba ta biya ba shi ma ba zai biya banki ba. A ra'ayina, a wannan ma'auni Najeriya ce kan gaba, ko da yake ni ba na ɗaukar adadin da banki ya bayyana a matsayin yankan wuƙa. Bashin da aka ɗaga wa lokacin biya ba ya shiga lissafin wanda ya maƙale, kuma bankuna ko'ina sun iya wannan dabara.

Sai batun isar banki ga jama'a. Binciken Findex na Bankin Duniya na 2021 ya nuna kashi 45 cikin 100 na baligan Najeriya suna da asusu, a Nijar kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Wannan adadi gaskiya ne, amma ya bar wani abu a baya. Mutumin da ya shiga ofishin Nita ko Al Izza ko Amana a Tawa, ya miƙa kuɗi a taga, ya karɓi lamba ya buga wa ɗansa waya a Agadas, cikin minti kaɗan kuɗin ya isa, kuma ba shi da asusu ko ɗaya. Duk da haka, wajen biyan kuɗi nan take daga asusu zuwa asusu, da yawan masu POS a kowace kasuwa, da manhajoji irin su OPay da Moniepoint, Najeriya ta yi wa maƙwabciyarta nisa.

Wani gargaɗi kan alƙaluman kansu, domin nan ne har masu digiri ke zamewa. A Janairun 2025 hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta sauya tsarin lissafin hauhawar farashi, adadin ya sauko daga 34.8 zuwa 24.48 cikin wata guda, alhali kwanon masara bai san an yi ba. A 2014 irin wannan sauyi ya kusan ninka GDP ɗin ƙasar a rana ɗaya, sai kason bashin bankuna ya yi kamar ya ragu. Saboda haka duk wanda ya kawo maka kwatanci, tambaye shi shekarar da aka ɗauki adadin, da hukumar da ta fitar, da ko ma'auni ɗaya aka yi wa ƙasashen biyu. Kuma ka nemi na shekara biyar a jere, domin a 2025 naira ta ɗan natsu, farashi a Nijar ya sauka, wanda ya tsaya a alƙaluman 2024 kaɗai zai yanke hukunci a kan kasuwar da ta riga ta watse.

To me za ka yi? Ka bar tambayar wace ƙasa ta fi, ka tambayi kanka da wane kuɗi ake bin ka bashi. Abin da za ka biya masu wake da dabbobi a Maraɗi nan da wata biyu ko uku, ka riƙe shi da sefa tun ranar da ka ƙulla cinikin. Haya da albashin yaran shago da kuɗin makarantar 'ya'ya da cefane, da naira za a biya su, su zauna a naira. Duk canjin da ka yi ka dawo, ɗan canji ya yanki nasa sau biyu, don haka yawan juya kuɗi don neman tsira shi ma asara ce. Idan za ka ba da kaya bashi a tsallaken iyaka, ku yanke tun farko da wane kuɗi za a biya, a rubuta, da shaidu.

Kada kuma ka tara komai a banki guda. A 2024 hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take biyan kowane mai ajiya idan bankin kasuwanci ya durƙushe daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, na ƙananan bankuna kuma zuwa miliyan 2. A watan Yunin 2024 aka soke lasisin Heritage Bank, kuma waɗanda ajiyarsu ta haura miliyan 5 sai da suka jira a sayar da kadarori kafin su ga ragowar. A yankin sefa ma akwai asusun lamunin ajiya, amma iyakarsa sefa miliyan 1.4 ce ga mai ajiya a banki. Abin da ya haura waɗannan adadi, amanar bankin ce kawai ke riƙe da shi. Kafin ka buɗe asusu a ko'ina, ka sa akawunka ya nemo rahoton shekara na wannan banki, ya duba maka jarinsa da kason bashinsa da ya maƙale, sannan ka tambayi manaja ƙarara nawa ne mafi yawan abin da za ka iya cira a rana ɗaya, kuma kwana nawa ake bukata ka sanar idan kana son fiye da haka.