Ragama Kafin Linzami: Dabarun Sabar da Doki Mai Firgita a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar doki a al'adar Bahaushe, hankalin manazarta ya fi karkata ga ranar hawa da kayan adonta, kamar sirdi da jalala da likkafa. Wannan maƙala ta koma baya ne zuwa turke, inda ake fara sanya wa doki ragama. An zaɓi Dutsin-Ma da Kurfi saboda matsayinsu a masarautar Katsina: hakimin Dutsin-Ma shi ne Yandakan Katsina, na Kurfi kuma Maraɗin Katsina, kuma dukansu suna fita da dawaki a hawan Sallah. Masarautar ta daɗe da shahara a harkar doki, musamman a zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906-1944) da Sarki Usman Nagogo (1944-1981), wanda ya yi suna a wasan folo.

2.0 Ragama da Linzami

Ragama igiya ce da ake ɗaura wa doki a kai, ta zagaya hanci da ƙeya, ba ta shiga baki. Linzami kuwa ƙarfe ne da ke zama a cikin baki. Da ragama ake jan doki zuwa shan ruwa, da ita ake ɗaure shi. Linzami na mahayi ne. Harshe ya adana wannan bambanci. Bahaushe kan ce wane ya karɓi ragamar mulki, amma idan ana son a hana mutum wuce gona da iri, sai a ce a ja masa linzami. A ra'ayin wannan nazari, siffantawar farko jagoranci take nufi, ta biyu kuma tankwasawa.

3.0 Dalilin Firgita da Hanyar Magance Ta

Idanun doki a gefen kansa suke, don haka yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, sai wurare biyu: daidai gaban goshinsa da kuma bayansa. Mai miƙo ragama kai tsaye zuwa fuska yana shigo da ita ne ta inda dokin ba ya gani sosai. Ga dabbar da gudu ne babban makaminta, wannan ya isa ya sa ta zabura. Ƙari a kan haka, doki yana da ɗabi'ar turjewa ga duk abin da ya matsa masa ƙeya: in an ja, shi ma ja yake yi.

Akwai kuma firgitar da ɗan'adam ke shukawa. Murɗa kunne dabara ce sananniya wajen tsayar da doki mai gardama, kuma tana aiki a ranar. Illarta ita ce dokin ya riƙa ɗaga kai sama duk lokacin da hannu ya doshi kunnensa, wani lokaci har tsawon rayuwarsa. Haka nan kaska a cikin kunne, ko gyambon da tsohuwar igiya ta bari, kan sa a yi wa doki shaidar taurin kai alhali ciwo ke damunsa. Shi ya sa duba kunne da ƙeya ya kamata ya zo kafin kowane horo.

Abin da mai wannan nazari ya gani a wajen wani dattijo mai kula da dawaki a Kurfi shi ne, bai nuna wa ɗan dukushin ragama ba ko kaɗan a ranakun farko. Gefen kafaɗarsa ta hagu yake tsayawa, yana sosa masa wuya da gindin geza, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Da ya saba da hannu, sai aka rataye ragamar kusa da inda ake zuba masa dusa da harawa, ya shinshine ta yadda ya so. Daga nan aka riƙa goga masa ita a wuya, a ɗora igiyar a ƙeya a sauke, kafin a kai ga zura hanci. Muhimmin abu a nan shi ne lokacin sassautawa. Da zarar dokin ya sauke kai ko da kaɗan ne, sai dattijon ya saki igiyar. Wannan sakin shi ne ladan da dokin ke ganewa. Idan aka makara da shi, abin da zai koya shi ne fizgewa ce ke kawo sauƙi. (Matasan da ke taya shi aiki nan suka fi kuskure, domin hannunsu ya fi saurin ja fiye da saki.)

Ba a ɗaure sabon doki a turke da ragama tun ranar da ya karɓe ta. Idan ya firgita ya ja da baya, yana iya jin rauni a wuya ko ya faɗi, aikin makonni ya rushe. Matsalar ta fi yawa gab da Sallah, lokacin da ake sayen doki ko aronsa a ƙurarren lokaci, a so ya karɓi ragama da linzami da sirdi cikin 'yan kwanaki, sannan a shigar da shi cikin ƙarar tambura da algaita da bindigogi.