Ɗanka Yana Azhar, Ka San Da Wa Yake Cin Abinci?

Darasin wannan Juma'ar na gidajen da suka tura yaro karatu Masar ne, da masu shirin turawa. A cikinmu akwai 'yan kara, 'yan goro, 'yan albasa da 'yan canji da suka daure suka biya wa ɗa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira. In an kira shi a waya tambaya biyu ce: kuɗi sun ƙare? Ya jarrabawa? Ta ukun, wato da wa yake zaune, ba kasafai muke yin ta ba, alhali ita ce ke riƙe da sauran biyun.

Mu fara da makwanci. Wanda ya samu tallafin Azhar ana sauke shi a Madinatul Bu'us, masaukin ɗalibai baƙi da ke unguwar Abbasiyya, inda akwai gado da abinci da doka. Wanda ya je da kuɗin gida kuwa haya zai kama, galibi a Madinat Nasr, wajen Hayyul Ashir, ko a Darrasa kusa da masallacin. Haya ta fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka sai su haɗu su huɗu ko biyar su raba kuɗin gida, wuta da gas, a sa ranar girkin kowa. To ka ga tun daga nan abokin zama ya zama ɗan tukunya ɗaya. In mai tashi Asuba ne, yaronka zai tashi. In mai kwana kan waya ne, sai dai addu'a.

Wannan tsari ba yau aka fara shi ba. An gama ginin masallacin Azhar a shekarar 972, kuma shekaru aru-aru ɗalibai na zama a cikinsa rukuni-rukuni, kowace ƙasa da sashenta da ake kira riwaƙi, ana raba musu gurasa daga wakafi. Mutanen Barno ma suna da nasu. Mu mazauna Kudu ba sai an yi mana dogon bayani ba, zango ne sak. Baƙo ya sauka wurin mai gida, a nuna masa hanya, a tsaya masa har ya san gari.

Abin da ke fara kayar da sabon zuwa shi ne harshe. Yaro ya haddace Alƙur'ani, ya yi nahawu a Islamiyya, ya isa kasuwa ya kasa sayen tumatir. Larabcin titi, Ammiyya, daban yake da na littafi. Jimun ta koma "ga", ƙafun ta ɓace, "jamil" ya zama "gamil", gaisuwa ta zama "izzayyak". Sannan za a yi masa jarrabawar tantance Larabci, kuma da yawa sai sun bi ta cibiyar koyon harshe ko ma'ahad kafin su shiga kulliya. Iyaye su san da wannan, don kada a ƙirga wa yaro shekara 4 a ga ya wuce a ce wasa yake yi.

A nan ne zancen abokai ke da wuyar sha'ani. Ɗan gida, Bahaushe ɗan uwansa, shi ne zai taro shi a filin jirgi, ya raka shi ofishin fasfo na Abbasiyya bin layin iƙama, ya nuna masa motar da zai hau, ya dafa masa shinkafa da wake ranar da ful da koshari suka gundure shi. (Ta'amiyya kam ba ta ba yaranmu wahala, ƙanwar ƙosai ce.) Ranar da sanyin Janairu ya kwantar da shi, ko yaran unguwa suka tsokane shi a titi saboda baƙar fatarsa, wurin ɗan gida zai samu sauƙi. Amma wanda bai da aboki sai Bahaushe, da Hausa zai kwana da Hausa zai tashi, ya dawo da takarda ba tare da baki ba. A ganinmu yaro na bukatar duka biyu: 'yan gida don zuciyarsa ta kwanta, da ɗan Indunusiya, ɗan Maleshiya ko Bamisire wanda ba abin da ya haɗa su sai Larabci. Irin wannan abokin ana samunsa ne a halƙoƙin karatu na masallacin Azhar, waɗanda kyauta ne.

Akwai kuma wata abota da ta fi shafarmu mu 'yan kasuwa, don jininmu ne. Alƙahira gari ne na kaya: abaya, jallabiya, littattafai, turare. Ga 'yan Najeriya masu zuwa asibiti suna neman tafinta. Aboki zai ce wa yaro zo mu raka Alhaji ganin likita, akwai ɗan ihsani. Sau ɗaya ba laifi, taimako ne ma. Amma in ya ɗanɗana, sai ka ji ana darasi shi yana kasuwar Ataba yana haɗa kaya. Wani lokacin ma mu iyaye ne ke jefa shi, mu ce tunda kana can auno mana abaya dozin biyu. Ba mu ce sana'a haramun ba, kuma mun san halin da ake ciki. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, kuɗin da ake turawa suka rage auki, a Maris ɗin 2024 kuma fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala, kaya suka tashi a can. Yunwa ce ke tura wasu. Shi ya sa ƙaramin kuɗi da ke zuwa kan lokaci kowane wata ya fi mai yawa da sai an yi ta kira.

Malamanmu sun sha kawo mana hadisin Abu Musal Ash'ari da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka kwatanta abokin kirki da mai ɗauke da almiski, mugun aboki da mai zuga wutar maƙera. Turare da hayaƙi duk a tufa suke kamawa, mai tufar kuma shi ne na ƙarshen ji. Don haka kada a jira yaro ya kawo ƙara da kansa.

In za a kira shi, a tambayi sunayen 'yan ɗakinsu da garuruwansu da abin da kowa ke karantawa. A ce ya miƙa wa babbansu waya a gaisa, a karɓi lambarsa a ajiye saboda ranar rashin lafiya. Masu 'ya mace a can su ma su san 'yan ɗakinta da wanda ke tsaya mata. A lura kuma agogon Masar yana gaban namu da awa 1, lokacin zafi awa 2, don haka kiran bayan Isha'i a nan yakan same su dare ya yi nisa. Bayan La'asar ɗinmu ya fi.