Baƙi Masu Jari da Masana'antunmu: Abin da Ya Kamata Talaka Ya Sani

Jama'a, sau da yawa mukan ji a rediyo an ce shugaban ƙasa ko gwamna ya tafi Sin ko Faransa ko Indiya neman masu zuba jari. Wasu su ce yawon buɗe ido ne da kuɗin talakawa, wasu kuma su ɗauka kafin damina ta zagayo masana'antu sun tsiro a bayan gari. Ya kamata mu san abin da ake nema, da abin da ake bayarwa kafin a samu.

Babbar masana'anta tana cin kuɗi masu kauri, tana bukatar injuna da gwanayen da suka san kansu. In ƙasa ba ta da isassu, sai ta gayyato wanda yake da su. Haka gwamnatin Jihar Arewa ta yi a zamanin Sardauna, ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila, aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Ba da daɗewa ba sai ga masaƙar UNTL da jarin mutanen Hong Kong, ga masaƙar Arewa da jarin mutanen Japan. Abin da ya jawo su a fili yake: ga auduga daga Funtuwa da Gusau da Zariya, ga jirgin ƙasa, ga ruwan kogin Kaduna, ga dubban masu sayen atamfa da akoko. Wanda ya san Kakuri, unguwar masaƙun, a lokacin zai gaya maka yadda kekuna ke cika titi in jiniyar canjin aiki ta yi kuka, masu tuwo da masu shayi na jira a bakin ƙofa. Albashin ma'aikaci ɗaya, gidaje da yawa ne ke ci.

To, lura da bambanci. A 1975 aka fara harhaɗa motar Fijo a Kaduna. Sai dai kayan haɗin daga Faransa ake kwaso su, har ta jirgin sama zuwa Kano, sannan a ɗora wa manyan motoci. Muddin kuɗin mai na shigowa, abin na tafiya. Da Naira ta faɗi bayan 1986, kayan suka yi tsada, sai aikin ya soma ja da baya. Masana'antar da ba ta sayen komai a hannun manomi ko maƙeri na gida, iskar canji kaɗan ke girgiza ta.

Ita ma gwamnati ta sha sauya magana. A 1972, zamanin Janar Gowon, aka yi dokar da ta keɓe wasu sana'o'i ga 'yan ƙasa, ta kuma wajabta wa baƙi sayar da wani kaso na kamfanoninsu. A 1977 aka ƙara tsananta ta. Niyyar mai kyau ce, amma baƙi da yawa sun ja hannu. A 1995 aka soke ta, aka kafa hukumar NIPC, aka ce baƙo na iya mallakar kamfaninsa ɗungurungum, ya kuma fitar da ribarsa. A baya an daɗe ana yafe wa sabbin masana'antu harajin riba na shekara 3, a ƙara har zuwa 5. An kuma ware yankuna na musamman kamar na Kalaba da Lekki, inda ake shigo da injuna ba tare da kuɗin kwastan ba.

Duk wannan rangwame, ya kai mai karatu, kuɗinka ne. Harajin da aka yafe, da asibiti ko makaranta za a yi da shi. Saboda haka kana da ikon tambaya ko ciniki ya faɗa.

A ganina, ba yafe haraji ke riƙe baƙo ba. Shiga Sharaɗa ko Bompai ko Challawa a Kano ka gani. Mai masana'anta shi ke sayen janareta, shi ke sayen man dizal kullum, shi ke haƙa rijiyar burtsatse, wani lokaci har ya cike ramukan hanyar da ke zuwa ƙofarsa. In ya gama, ya je kasuwa ya tarar da yadin fasa-ƙwauri a rabin kuɗin nasa. Haka masaƙar Kaduna ta rufe a 2002. Michelin ta daina yin taya a nan a 2007, Dunlop ta bi sahu. A 2023 kamfanin P&G ya ce zai daina sarrafa kaya a Najeriya, don samun dala ya yi wuya. Masu jari kuwa suna jin labarin juna. Wanda ya fita da asara, shi ne na gaba ke tambaya kafin ya shigo.

Sannan mu rarrabe tsakanin takardar fahimtar juna da masana'anta. Sa hannu a gaban 'yan jarida ba ya ɗaure kowa. In an ce kamfani zai zo garinku, ku tambayi wakilanku: mutum nawa zai ɗauka daga nan, a wane matsayi? Tumatur ko fata ko audugar da zai sarrafa, a hannun wa zai saya? Ruwan dagwalon da zai fitar, ina za shi? Mutanen da ke bakin kogin Challawa sun san muhimmancin wannan tambaya, saboda ruwan majemu.

Akwai kuma batun fili. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, yana iya karɓar gona don amfanin jama'a, amma akwai diyyar shuka da gini. Idan masu awo suka zo, kada ka tsaya daga nesa. Ka je tare da mai unguwa ko dagaci, a ƙirga itatuwanka da rijiyarka a gabanka, a rubuta, ka riƙe kwafin takardar kafin ka dangwala yatsa.