Amsoshin Tambayoyinku: Wasa Zai Iya Koyar da Emacs?

E, zai iya. Emacs manhajar rubutu ce da mai ita ke iya sake mata tsari, kuma a cikinta akwai wasan Dunnet na Ron Schnell. Babu hoto: kwamfuta ta kwatanta maka wuri, kai kuma ka rubuta umarni ta amsa. Ta haka sabon shiga ke daina tsoron ba na'ura umarni. Wasu za su ce wasa ɓata lokaci ne. Amma da harshen Lisp aka rubuta wasan, harshen da ake sarrafa Emacs da shi, don haka ɗalibin da ya buɗe rubutun Lisp na wasan ya sauya wuri guda a cikinsa ya riga ya fara koyon aikin. Kuma wasan ba ya cin data.