Abincinmu Da Bakteriyar Cikin Hanji: Ina Bincike Ya Dosa?

Da zarar an ambaci bakteriya, abin da ke fara faɗowa ɗalibi a rai shi ne cuta, kamar kwalara da taifod da tarin fuka. To amma mafi yawan bakteriyar da ke tare da ɗan Adam abokan zaman lafiya ne. A shekarar 2016 masana a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka ƙiyasta cewa baligi mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, alhali ƙwayoyin jikinsa na kansa kimanin tiriliyan 30 ne. Kusan dukkansu a babban hanji suke zaune. Ke nan duk lomar da mutum ya haɗiye, shi da waɗannan halittu ya ciyar.

Me Suke Ci?

Sitaci da furotin da mai, yawancinsu a ƙaramin hanji ake narkar da su, jiki ya tsotse. Amma akwai wani sashe na abincin tsirrai da jikinmu ba ya iya narkarwa, wato faiba, wadda ke cikin dusar hatsi da wake da ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Ita kan wuce zuwa babban hanji, inda bakteriya ke ruɓar da ita su samar da wasu sinadarai masu tsami. Ɗaya daga cikinsu, butirat, shi ne babban makamashin ƙwayoyin da suka lulluɓe bangon babban hanji. Bugu da ƙari, tsamin yana hana wasu bakteriya masu cutarwa sakewa.

Matakan Da Bincike Ya Bi

Mataki na farko shi ne ƙidaya. Yawancin bakteriyar hanji iskar oksijin na kashe su, don haka renonsu a ɗakin gwaji ya daɗe yana ba masana wahala. Da fasahar karanta sinadarin gado na DNA ta yi sauƙi, sai aka koma gane su kai tsaye daga bayan gida. A 2010 masana a Turai da Sin suka bincika mutum 124, suka tattara ƙwayoyin gado na halittun hanji har miliyan 3.3, wato kusan ninki 150 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam.

Mataki na biyu shi ne kwatanta al'ummomi. A 2010 ɗin dai, masana daga Italiya suka kwatanta yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yara 15 na birnin Florence. Abincin yaran ƙauyen gero ne da dawa da wake da ganyaye, irin cimar ƙauyukanmu na ƙasar Hausa. An tarar hanjinsu ya fi yawan nau'o'in bakteriya, musamman Prevotella mai narkar da faiba, kuma dangin bakteriyar da ke jawo gudawa sun yi ƙaranci a cikinsa.

Sai dai kwatanci kaɗai ba ya tabbatar da cewa abinci ne sanadi, domin ruwan sha da muhalli ma sun bambanta. Wannan ya kai masana ga mataki na uku, wato sauya abinci don a ga abin da zai biyo baya. A wani bincike da aka buga a 2015, baƙaƙen fatar Amurka 20 da mazauna karkarar Afirka ta Kudu 20 sun yi musayar cima har mako biyu. Amurkawan da suka koma abinci mai yawan faiba, butirat ya ƙaru a hanjinsu, alamun kumburi suka ragu. 'Yan Afirka ta Kudun da suka koma nama da maiƙo kuwa, akasin haka ya same su.

Mataki na huɗu shi ne neman magani, kuma shi ya fi shafarmu, ganin yadda tamowa ke addabar yara a yankin Sahel. A 2013 ayarin Farfesa Jeffrey Gordon na Jami'ar Washington da ke St. Louis ya bi tagwaye a Malawi, inda a wasu gidaje ɗaya kan kamu da kwashoko ɗaya ya tsira. Da aka dasa bakteriyar yaro mai ciwon a cikin ɓerayen da aka rena ba ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu, aka ba su cimar yankin, sai suka rame. Daga nan ayarin, tare da masanan Bangaladash, ya haɗa wani abinci daga ayaba da gyaɗa da waken soya da wani nau'in wake, don ciyar da bakteriyar da yaro ke buƙata. A 2021 aka bayyana cewa yaran Dhaka da suka ci shi wata uku sun fi waɗanda aka ba abincin tamowa na yau da kullum ƙara nauyi, ko da yake kuzarin da ke cikinsa bai kai na wancan ba.

Darasi Gare Mu

A birane, farar shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba suna ture tuwon dawa da fura da ɗanwake, kuma faibarsu kaɗan ce. Ko hatsin gida, idan aka matsa masa surfe, an ba dabbobi rabon bakteriyarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya sami aƙalla giram 25 na faiba a rana. Wake da zogale da rama da kuka da kuɓewa suna taimakawa wajen cika wannan. A kuma guji shan maganin kashe bakteriya ba da izinin likita ba, domin ba ya bambanta mai amfani da mai cutarwa. Yaron da ya nuna alamun tamowa kuwa, asibiti za a garzaya da shi.

Aikin Aji

1. Bayyana yadda faiba ke zama makamashi ga bangon babban hanji.
2. Me ya sa gwajin musayar abinci ya fi kwatanta al'ummomi ƙarfin hujja?
3. Rubuta duk abin da ka ci cikin kwana uku, ka ja layi a ƙarƙashin masu faiba, sannan ku kwatanta a aji.